Teburin wuta mai gas ko kaskon gawayi: wanne za ka ajiye a tsakar gida kafin hunturu?

Hunturun bara yayana da ke Malali a nan Kaduna ya yi odar wani tebur ta intanet, irin wanda ake gani a hotunan gidajen Turawa: tebur ne gajere, tsakiyarsa rami cike da duwatsu, ana murɗa ɗan maɓalli sai wuta ta tashi bal-bal, ba hayaƙi ba toka. Ranar da aka haɗa shi har maƙwabta suka shigo kallo. Ya ɗauko tukunyar gas ta ajiya daga kicin, mai kilo 12.5, wadda aka ɗuro ta a cike, ya jona. Kullum bayan sallar isha'i majalisa ta haɗu, a yi hira har wajen sha ɗaya. A dare na huɗu wutar ta fara ƙanƙancewa, kafin a gama shayi ta mutu.

Da safe ya kira ni ransa a ɓace. “Ƙanina, mai gas ɗin nan ya cuce ni. Tukunyar da ke yi wa Hajiya fiye da wata guda a kicin, ita ce za ta ƙare a kwana huɗu?”

Na ce, “Yaya, kafin ka je ka yi rigima, duba jikin teburin ka karanto mini lambar da aka rubuta.” Ya karanto: BTU 50,000. Na ce masa ya bar bawan Allah ya ci gaba da kasuwancinsa, domin awonsa daidai yake. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Wannan lambar ita ce gaba ɗayan labarin, kuma yawancin masu saye ba sa ko kallonta. BTU ma'aunin zafi ne da Amurkawa ke amfani da shi, lambar da ke jikin murhu kuma tana nufin yawan zafin da yake fitarwa a cikin awa guda idan an buɗe shi har ƙarshe. Kilo ɗaya na gas ɗin girki yana ɗauke da BTU kimanin 47,000. To lissafin bai wuce rabawa ba. Murhu mai 50,000 yana shan kilo ɗaya da ɗan ɗoriya kowace awa. Tukunya mai kilo 12.5 ba za ta kai shi awa 12 cikakku ba. Awa uku a dare sau huɗu, ga awa goma sha biyun nan. Mai 40,000 zai ja tukunyar zuwa awa 14 da rabi, mai 30,000 kusan awa 20, mai 60,000 kuwa ko awa 10 ba zai cika ba. Idan kayan daga Turai ko Sin suka zo, za ka ga an rubuta kilowat maimakon BTU. Kowane kilowat ɗaya yana cin gas kimanin giram 70 zuwa 75 a awa, don haka mai kilowat 14 shi ma ɗan gidan kilo ɗaya ne.

Kwatanta da kicin. Kan murhun girki guda ɗaya ƙarfinsa bai cika wuce BTU 7,000 zuwa 10,000 ba, kuma uwargida ba ta barin sa a buɗe har ƙarshe, da tukunya ta tafasa ta rage. Kunna teburin yayana daidai yake da kunna kawunan girki biyar ko shida lokaci guda a bar su suna ci babu tukunya a kai. Da na faɗa wa Hajiya haka sai ta tafa hannu, ta ce ai da ma ta san abin nan ba na Allah da Annabi ba ne.

Yanzu a ja lissafin zuwa wata guda. Wanda zai kunna mai 50,000 kowane dare na awa uku a cikakken ƙarfi zai ƙona kilo 95 zuwa 96, wato kusan tukunya takwas. Disamba da Janairu kaɗai, tukunya goma sha biyar ko sha shida. Don sauƙin lissafi a ɗauka kilo naira dubu ne. Daren hira ɗaya ya tashi naira dubu uku da ɗari biyu, wata ya doshi dubu ɗari. Farashin gas ba ya zama wuri ɗaya, daga tashoshin ruwan kudu ake haɗo mafi yawansa a tanka zuwa nan, kuma kuɗin mota a kanmu yake ƙarewa, saboda haka ka sa farashin unguwarku na yau ka ninka da kanka. Idan ka rage wutar zuwa rabi, shan gas ɗin ma yana sauka wajen rabi. Wanda kuma zai kunna daren Juma'a da na Asabar kawai, a matsakaiciyar wuta, tukunya ɗaya da ɗan ƙari za ta kai shi wata. Ka ga ke nan tebur ɗaya ne, amma tsakanin mai kunna shi kullum da mai kunna shi don baƙi akwai tazarar tukunya shida ko bakwai a wata.

Abin da ya fi ba ni haushi game da teburin ba yawan shan gas ba ne. Inda zafin yake tafiya ne. Harshen wutar da ke tashi ja-ja mai rawaya yana lanƙwasa, da gangan aka yi shi haka don ya yi kyau a ido. Zafinsa kuwa sama yake yi kai tsaye, tunda iska mai zafi ba ta tafiya gefe. Ka zauna taku biyu daga teburin, gwiwarka da tafin hannunka za su ji ɗumi, bayanka yana karkarwa. Duwatsun da ke cikin ramin suna ɗan taimakawa idan sun ɗauki zafi, amma mafi yawan kilo ɗin da ka biya, sararin samaniyar Kaduna kake ɗumamawa da shi. Garwashi ba haka yake ba. Shi ba ya da harshe, zafinsa bugowa yake yi kamar na rana, ya sami jiki ta kowane gefe, shi ya sa ɗan kasko ƙarami kan ishi mutum huɗu ko biyar idan suka matso.

Iskar hunturu kuma tana ƙara dagula lissafin, ko da yake ba ta hanyar da mutane ke zato ba. Iska ba ta ƙara yawan gas ɗin da ke fita daga tukunya. Maɓalli ne kaɗai ke yin wannan. Abin da take yi shi ne ta kwantar da wutar ta kwashe ɗumin, sai mai gida ya miƙa hannu ya ƙara murɗawa. Daga arewa maso gabas take busowa, don haka tebur da aka ajiye a bayan katangar da ta tare wannan ɓangaren yana iya wadatar da mutane a rabin wuta, alhali wanda aka kafa a fili tsakiyar farfajiya sai an buɗe shi duka. Akwai gilashin kare iska da ake kewaye ramin da shi. Idan za ka sayi teburin, kar ka bar wannan gilashin a shago.

Sai wata matsala da littafin da ke zuwa cikin kwalin ba zai faɗa maka ba, don ba da mu aka rubuta shi ba. Waɗannan tebura an ƙera su ne don gas ɗin furofen, wanda Amurkawa ke saye a tukunya mai kimanin kilo 9. Namu na girki gauraye ne na furofen da biyuten. Wajen yawan zafi a kilo kusan ɗaya suke, lissafin da na yi a sama bai canza ba. Bambancin yana wajen saurin tashi. Gas a cikin tukunya ruwa ne, sai ya zama tururi kafin ya bi tiyo, kuma yayin da yake tashi yana sanyaya tukunyar. Furofen yana ci gaba da tashi har sanyi ya kai digiri 42 ƙasa da sifiri, biyuten kuwa da ya kusanci sifiri ya tsaya. Daren Kaduna ba ya zuwa ko kusa da nan, wajen digiri 15 yake sauka a Janairu, wani lokaci ƙasa da haka. Amma idan kana zuƙar kilo guda a awa daga ƙaramar tukunya, ita da kanta za ta yi sanyi ƙarara, ka ga tana zufa har da ƙanƙara-ƙanƙara a gindinta, wuta ta yi ƙasa alhali da sauran gas a ciki. Shi ya sa tukunya mai kilo 3 ko 6 ba ta dace da wannan aikin ba sam. Mai 12.5 ita ce mafi ƙanƙanta, mai 25 ta fi kwanciyar hankali. Kuma don Allah kar wanda ya matso da tukunya kusa da wuta ko ya kwantar da ita wai don gas ya fito.

Bakin jonawa ma daban ne. Kan da ke zuwa da kayan Amurka murɗa shi ake yi a bakin tukunya, namu kuwa yawanci dannawa ake yi ya kama. Dole a sauya wannan kan, wato regileta, kuma a nan ne ake tafka kuskure. Teburin yana son regileta mai ƙaramin matsi, irin na girkin gida, wanda aka rubuta 28 zuwa 30 mbar (ma'aunin matsi) a jikinsa, sannan a duba kilo nawa yake iya bayarwa a awa, kar ya gaza abin da murhun ke nema. Wanda ya sa masa babban regileta irin na masu dafa abincin biki, wuta za ta yi tsiri ta burge baƙi, tukunya ta ƙare a dare biyu, kuma ya sa kansa cikin haɗari. Wani abin lura: akwai tebura da aka yi don iskar gas ta bututu, irin wadda ake shimfiɗa wa bututun Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano. Wannan gas ɗin daban ne da na tukunya, ramin fitarsa ya fi faɗi. Ka tabbata wanda kake saye na gas ɗin tukunya ne.

Wani zai ce me ya kai shi odar waje, ga kasuwar Panteka ta masu ƙira da walda. Gaskiya ne, masu walda a can za su lanƙwasa maka bututu su huda shi su ɗora a tebur, da kuɗin da bai kai na kanti ba, kuma hannunsu yana da kyau. Sai dai abin da aka ƙera a gida ba ya zuwa da lamba, ido kuma ko ya san ƙima ba mudu ba ne. Maganin wannan sikeli ne: auna tukunya, kunna awa guda a yadda za ka riƙa amfani da shi, sake aunawa. Abin da ya ragu shi ne gaskiyar murhunka, kuma wannan gwajin ya fi lambar kamfani ma, don ita lambar ta cikakken ƙarfi ce. Ka gaya wa mai waldan abu biyu. Ya bar wurin da iska za ta gauraya da gas kafin ya kai bakin wuta, in ba haka ba baƙin hayaƙi zai shafe duwatsun da gilashin. Idan kuma za a ɓoye tukunya a cikin teburin, a bar ramuka ta ƙasa, domin gas ɗin nan ya fi iska nauyi, in ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya ya taru. Kar kuma a kwaso duwatsun kogin Kaduna a zuba a ramin; dutsen da ya sha ruwa yana iya fashewa idan ya ji wuta. Duwatsun aman wuta ake sawa, ko gilashin da aka yi don haka.

To ga abokan takararsa.

Gawayi. Kilo ɗayansa yana ɗauke da BTU kimanin 28,000, wato a takarda sai ka haɗa kilo ɗaya da rabi da ɗoriya kafin ka kamo kilo ɗaya na gas. Amma kasko ba ya ƙona shi da gaggawar da tebur ke ƙona gas. A gidana, kilo ɗaya zuwa ɗaya da rabi na gawayi mai nauyi, irin na ƙirya wanda maƙera suka daɗe da sanin darajarsa, yana kai mu daga isha'i har a watse, in an riƙa rufe shi da toka ana tonawa. Idan aka zo batun ɗumin da ya shiga jiki a kan kowace naira, ban ga abin da ya kama ƙafarsa ba. Ga kuma abin da tebur ba zai taɓa yi maka ba: a ɗora butar shayi, a tura dankali cikin toka, yara su gasa gyaɗa, in an tashi Hajiya ta ɗebi garwashi ta sa turaren wuta. Teburin gas ba a girki a kansa, mai ko romo ya ɗiga a ramukan sai su toshe.

Laifin gawayi kuma ba ƙarami ba ne. Hura shi aiki ne, minti ashirin kana fifita kafin ya kama, ba ya kashuwa da murɗa maɓalli, ga toka, ga tartsatsi a lokacin da komai ya bushe ƙamas kuma gobara ta fi yawa a gari. Mafi muni shi ne jarabar da ke zuwa a ƙarshen hira: garwashi bai mutu ba, ɗaki da sanyi, sai a ce bari a shiga da shi. Gawayi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, a rufaffen ɗaki tana kashe mutane cikin barci. Teburin gas ma haramun ne a ɗaki ko rufaffen zaure saboda wannan dalilin, sai dai shi nauyinsa ya hana a ɗauke shi. Akwai kuma nauyin daji. A yadda ake ƙona gawayi a ƙauyukanmu, sai an cinye itace kilo biyar zuwa goma kafin a sami kilo ɗaya. A 2021 gwamnatin jiha ta hana sare itatuwa don katako da itacen girki da gawayi a wasu ƙananan hukumomi, ciki har da Birnin Gwari, saboda matsalar tsaro, kuma duk mai sayen buhu ya san yadda irin wannan ke taɓa farashi.

Itace kuwa, busasshensa bai wuce BTU 15,000 a kilo ba, sai kilo uku kafin ya yi kilo ɗaya na gas. Shi ne mai ba da wutar da ta fi kowacce daɗin kallo da ƙamshi, musamman marke. Amma a gidan da ke da tayil a tsakar gida da maƙwabci katanga ɗaya, hayaƙin zai bi babbar riga da labule, ya sa mai asma tari, ga shi da ma ƙurar hunturu ta riga ta cika ƙirji. Na bar wa masu gona a hanyar Zariya da masu fili.

Akwai na'urori biyu masu gas da mutane ba su cika tunawa da su ba, kuma su ne ya kamata mai neman ɗumi ya duba. Na farko dogon nan mai kai kamar lema da ake gani a wuraren cin abinci na waje. Shi ma mashayi ne, wajen kilowat 13, kusan kilo ɗaya a awa in an buɗe shi duka. Bambancinsa da tebur shi ne lemar ƙarfen da ke samansa tana maido da zafin ƙasa, kan kafaɗu da bayan mutanen da ke kewaye. Gas ɗaya, ɗumi ya fi yawa. Ga mai gidan abinci ko mai wurin shan shayi na zamani a Barnawa ko Unguwar Rimi da ke son mutane su daɗe a zaune, wannan ya fi tebur ma'ana. Na biyu ƙaramin hita mai faranti da ke yin jajir, mai BTU wajen 15,000. Yana shan kashi ɗaya cikin uku na kilo a awa, tukunya mai 12.5 ta kai shi kusan awa 40, wato dare goma sha uku maimakon huɗu. Gefe ɗaya yake haskawa kuma ba shi da kyan gani ko kaɗan, amma ga dattijo da ke zama a baranda da mutum biyu, ko mai gadi, shi ne gas ɗin da ba a yi asararsa ba. Na lantarki ban tsaya a kansa ba. In wuta ta ɗauke ka tada janareta don ɗumama tsakar gida, lissafin ya riga ya ɓaci.

Ka tuna kuma da tsawon lokacin da abin zai yi maka aiki. Daren da ake jin sanyi na gaske a Kaduna bai fi na 'yan makonni ba, daga Disamba zuwa farkon Fabrairu. Mu ba Jos ba ne. Da Maris ya kama kowa fanka yake nema, daga nan damina. Tebur mai tsada zai yi wata tara ko goma a rufe, kuma in ba a rufe shi da kyau ba ƙura ta toshe ramukan, ruwa ya sa masa tsatsa, tiyo ya bushe ya tsage. Duk farkon hunturu sai an shafa ruwan sabulu a mahaɗan an ga ko zai yi kumfa kafin a kusanto da ashana. Kasko kuwa a jingine shi bayan ɗaki, shekara ta zagayo a kakkaɓe.

Ra'ayina, in ɗumi kake nema kuma kana ƙirga kuɗinka, kasko da gawayi mai kyau a fili, a kashe shi da ruwa ko yashi kafin a kwanta. In akwai mai ciwon ƙirji a gidan ko ƙananan yara masu guje-guje da ba ka son garwashi kusa da su, ƙaramin hitan gas da aka kafe inda ba za su ture shi ba. In wurin kasuwanci ne, mai lema. Teburin wuta kuwa na wanda ya san ado yake saye ne, yana son baƙo ya shigo ya ce masha Allah, ba ya son toka a tayil ɗinsa, kuma kilo ɗaya a awa ba zai hana shi barci ba. Wannan ba laifi ba ne, kuma in za ka saya, mai BTU 30,000 zuwa 40,000 ya ishi tsakar gidanmu. Manyan an yi su ne don ƙasashen da ruwa ke daskarewa a waje. Ka saya masa tukunyarsa daban, kar ka taɓa ta kicin.

Yayana bai sayar da nasa ba. Ya sa an matsar da shi jikin katangar gabas, ya sayi gilashin da tukunya mai kilo 25, ya kuma kafa doka cewa daren Juma'a kawai ake kunnawa, a rabin wuta. Sauran darare tsohon kaskon mahaifiyarmu ne ya dawo tsakar gida. Makon jiya da na leƙa na tarar an ɗora faranti a kan ramin teburin an jera kofunan shayi, butar kuma tana can kan garwashi tana tafasa.